Abin da Ya Hana Imrana Tashi

New Bell, Douala
11 ga Maris

Ƙanena Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Lille ya fara sassauta maka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa cefane da kanta. Tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ka aiko.

Daga ofis nake rubuta maka ta imel, a nan Bonapriso, lokacin hutun rana. Ban kira ka ba, don a waya kullum da "ça va", wato lafiya lau, kake sallamata, kuma Inna ba ta nisa da ni idan ta ji muryarka.

Maganar yayanka Imrana ce. Shekara biyar ke nan da ciwon ya kama shi. Ka san tun da likita ya ɗora shi a kan ƙwayoyin nan, muryoyin da yake ji suka tafi, bai ƙara cewa ana bin sa ba. Mun gode Allah. Amma Siraju, wanda aka mayar mana ba shi ne mutumin da ka sani ba. Wanda yake riga kowa isa tashar jiragen ruwa, wanda direbobin Chadi suke jira a bakin ƙofa don shi kaɗai suke so ya fitar musu da kaya, yanzu benci guda yake zama a baranda daga safe har Magariba. Wanka sai an kwana uku ana magana. Kuma ba baƙin ciki yake ba, abin da ke ɗaure min kai ke nan. Ka kawo masa gasasshen kifi, zai ci, ya yi murmushi, ya ce ya yi daɗi. Amma ko sau ɗaya ba zai ce a sayo ba.

Makon jiya Alhaji Saminu, tsohon maigidansa, ya zo har gida. Ya ce kujerarsa na nan, ya dawo ko rabin wuni ne. Imrana ya ce, "To, in sha Allahu." Na goge masa riga. Ran Litinin ya sa rigar, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya zauna. Na ce, "Imrana, ba ka so ne?" Ya ce, "Ina so, Yaya." Na ce, "To tashi." Ya ce, "To." Da na dawo da yamma ɗaya takalmin na nan inda na bar shi.

Shawarar da ka ba ni kafin ka tafi, cewa a daina kai masa abinci inda yake, yunwa za ta tashe shi, na gwada ta bara. Ban gaya maka ba. Kwana biyu na hana kowa kai masa. Tsakaninsa da tukunya taku goma ne. Bai je ba, bai kuma yi ƙorafi ba. A rana ta uku Inna ta kai masa tana kuka. Har yau idan na miƙa masa kwano ya ce "na gode", sai in kasa haɗa ido da shi.

Yanzu Baffa Abdulganiyu ya kafe cewa ƙwayoyin ne suka kashe masa zuciya, a tsayar da su. Inna ta fara sauraronsa. Ni ban sani ba.

Shekara huɗu kana can kana duba ƙwaƙwalen mutane. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa ciwon yayanka kake karanta. Idan haka ne, faɗa min wani abu da zan riƙe. Me ya hana Imrana tashi?

Yayarka,
Bara'atu

*

Lille
2 ga Afrilu

Yaya Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ki ce mata ban rame ba, rigar sanyin ce ta yi min yawa. Ina lafiya, aiki ne kawai ya yi yawa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Inna ba ta yi ƙarya ba. Abin da kika bayyana shi ne ainihin abin da muke bincike a kai. Ciwon, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, fuska biyu gare shi. Akwai wadda kowa ke gani: jin muryoyi, zargin mutane, firgita. Akwai kuma wadda ba ta da hayaniya, inda himma ke zarewa daga mutum. Ta biyun ta fi hana mutane komawa aiki, kuma ita ce iyali suka fi kasa ganewa.

Ga abin da muke yi. Muna sa mutum ya kwanta a cikin na'urar IRM, irin wadda ake ɗaukar hoton cikin kai da ita, mu duba waɗanne sassan ƙwaƙwalwa ne ke aiki tare, kamar masu hira da juna. Akwai wani ɓangare can ciki da ke cewa "wannan abu zai yi daɗi, ya cancanci wahala". Akwai wani a bayan goshi da ke tsara yadda za a yi, ya ce "tashi". A cikin masu ciwon da suka rasa himma, sau da yawa mukan ga hirar waɗannan biyun ta yi rauni. Muna kuma ba su wani ɗan wasa: ka danna maɓalli kaɗan ka sami ƙaramin lada, ko ka danna da yawa ka sami babba. Da yawansu sun san babban ya fi, za su gaya miki da bakinsu, amma hannun ba ya zaɓarsa. Idan kuma aka ba su abin daɗin a hannu, suna jin daɗinsa kamar kowa. Kifin da kika ce ke nan.

Da harshen aikin Yaya Imrana, kaya sun iso tasha, mai su yana so, mota na jira, takardar fitarwa ce ba ta fito ba.

Kada ki ɗauka na ga cikin kansa. Abin da muke gani sai an haɗa mutane da yawa yake fitowa, ba a ɗaukar hoton mutum ɗaya a ce ga ciwonsa nan. Kuma har yanzu ba mu da ƙwayar da ke gyara wannan. Maganin da yake sha ba abin da zai yi masa a nan. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne kada a ce masa "tashi ka je aiki", abin ya yi girma. A tsaya kusa da shi, a fara tare, abu ƙarami, a lokaci guda kullum.

Ina shirin wani taro a watan gobe inda zan gabatar da sakamakonmu, shi ya sa na taƙaita. Zan ƙara rubutowa. Ki gaida Inna da Baffa. Ki gaida Yaya Imrana.

Ƙanenki,
Sirajuddeen

*

New Bell
11 ga Mayu

Siraju,

Assalamu alaikum. Ina fata taron ya yi kyau. Mu lafiya lau, damina ta fara, lungunmu ya koma taɓo kamar kullum.

Allah ya yi maka albarka. Na karanta wa Inna da Baffa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce maganin ba abin da zai yi masa, Baffa ya tafa hannu ya ce, "Kun ji? Ɗanku ma da ya yi karatun ya faɗa." A ranar muka tsayar da ƙwayoyin. Ranar ganin likita ta zo ta wuce, ban kai shi ba, don na san faɗa zai yi mana.

Siraju, mako huɗu ke nan, kuma ka zo ka ga yayanka! Yana tashi da wuri. Shekaranjiya ya share baranda ba wanda ya sa shi. Yana magana, har ya tambayi Inna sunayen mutanen da suka tare a gidan da ke kallon namu. Jiya ya fita shi kaɗai har bakin titi, ya tsaya yana duba lambobin motoci kamar da. Inna ta yi sadakar ƙosai.

Barcinsa ne ya ɗan ragu, amma na ce wanda ya yi shekara biyar a zaune ai ya huta.

Ka rubuto ka ce min mun yi daidai. Hankalina zai fi kwanciya.

Yayarka,
Bara'atu

*

New Bell
24 ga Yuni

Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka faɗa ba. Inna ba ta da lafiya, ba ta iya cin abinci.

Imrana ya ɓace. Yau kwana uku.

Abin da na ɗauka sauƙi ne, ashe ciwon ne ke dawowa. Sunayen maƙwabtan da ya tambaya, rubuta su yake a takarda, wai su aka turo su sa masa ido. Lambobin motocin ma haka. Ya cire wayar rediyon Inna ya jefa a kwata. Na ce zan kai shi asibiti, ya kalle ni ya ce, "Ke ma sun saye ki." Ran Asabar da hantsi ya fita cikin ruwan sama ba lema, bai dawo ba.

Mun je ofishin 'yan sanda. Alhaji Saminu ya baza hotonsa a wurin direbobi da masu bensikin, 'yan acaɓan nan da ke shiga kowane lungu. Jiya ni da Baffa muka je ɗakin ajiye gawa, aka buɗe mana fuska biyu. Ba shi ba ne. Baffa ya zauna a dakalin waje ya kasa tashi.

Na tambaye ka ko mun yi daidai. Mako shida ina jira. Shirunka na ɗauka amincewa ce. Na kira ka sau huɗu tun Asabar, wayarka na ƙara ba ka ɗauka. Ina ka shiga? Kai ka ce maganin ba shi da amfani.

Bara'atu

*

Lille
24 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lafiyata ƙalau, kuma wannan ma abin kunya ne a gare ni yau.

Na kira yanzu wayarki a kashe, shi ya sa nake rubutawa. Da farko abin gaggawa. Idan aka gan shi, kada a taru a kansa, kada a ɗaure shi. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya matsa a hankali. Daga nan sai wurin likitansa kai tsaye, ku gaya masa ranar da aka tsayar da maganin. Kada ku mayar masa da ƙwayoyin da kanku.

Yaya, ban ce maganin ba shi da amfani ba. Cewa na yi ba ya gyara rashin himmar. Shi ne yake riƙe da muryoyin. Amma na koma na karanta abin da na rubuta, na ga kin gaya min ƙarara cewa Baffa yana so a tsayar, kin tambaye ni, ni kuma ban ce miki "kada ku tsayar" ba. Kalma uku. Na cika shafi da bayanin aikina, na bar tambayarki.

Wasiƙarki ta Mayu kuwa, yau na buɗe ta, bayan ta yau. Ba taro ne ya hana ni ba, taron kwana uku ne. Na ga sunanki, na ce gobe. Kiranki ma na gani. Haka nake yi da duk abin da ya zo daga gida, kuma lokaci ya yi da za ki san dalili.

Kin tuna ranar da zan tafi, da Yaya Imrana bai raka ni filin jirgi ba? Kun ɗauka halin ciwon ne. Da safen ranar na same shi a baranda, ba kowa. Ina jin haushi, ina ganin Inna na wahala yana zaune. Na ce masa, "Ciwonka ya warke, Yaya. Abin da ya rage lalaci ne. Ka ji tsoron Allah, ka zama kaya a kan tsohuwa." Mutumin da yake goya ni zuwa makaranta duk lokacin da ruwa ya cika lungu. Ya dube ni ya gyaɗa kai.

A shekarata ta biyu a nan, wani mutum ya fito daga na'urar, na tambaye shi yadda yake wuni. Ya ce, "Ina so in yi abubuwa. Tashin ne ba ya zuwa." Na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Tun daga ranar na san abin da na yi. Na san shawarar yunwar da na ba ki zalunci ce. Shekara biyu ina tsayawa gaban mutane ina bayyana musu cewa wannan ba lalaci ba ne, ban ɗaga waya na gaya wa yayana ba. Ko a wasiƙar Afrilu na kewaye kalmar, ban rubuta ta ba.

Idan Allah ya sa aka gan shi, idan hankalinsa ya dawo, ki ce masa Siraju ya ce ƙarya ya yi. Ba lalaci ba ne, bai taɓa zama lalaci ba. Ki ce ina roƙon ya yafe min. Na nemi izini a wurin aiki, ina neman jirgi.

Ƙanenki,
Sirajuddeen

*

New Bell
30 ga Yuli

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna ta warware, tana cin abinci. Mun ji daɗi da suka ba ka hutun, ko da sai tsakiyar Agusta ne. Ka taho da takalmin ruwa.

Ka riga ka ji a waya cewa an same shi, amma ban iya ba ka labarin duka ba a gaban Inna. A rana ta biyar wani direban Alhaji Saminu ya gan shi a kasuwar Grand Hangar, can Bonabéri. Da ƙafa ya haye gadar kogin Wouri. Yana tsugune a bayan rumfar wata mai sayar da ayaba, ƙafafunsa sun kumbura, takardar sunayen nan na cikin aljihunsa ta jiƙe. Matar ba ta san shi ba, ba ta jin Hausa, amma kwana biyu tana ba shi abinci. Alhaji ne ya je shi kaɗai kamar yadda ka ce. Ya zauna kusa da shi kusan awa guda kafin ya ce, "Imrana, mu je." Ya bi shi.

Mako uku ya yi a asibiti. Likitan bai yi min faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ya yi, "Madame, me ya sa ba ki zo kin tambaye ni ba?" Ya ce akwai gaskiya kaɗan a maganar Baffa, wani lokaci maganin kan ƙara nauyin jiki, kuma da mun zo da ya duba ko zai rage ko ya canja. Yanzu ya canja masa wani.

Ka ɗauki laifin duka a wasiƙarka. Ba naka ba ne kai kaɗai. Siraju, ni sakatariya ce, karanta takarda ne aikina. Na ga kalmar "a nan" a ƙarshen jimlarka. Na gan ta. Da nake karanta wa Baffa na haɗiye ta. Na gaji ne. Shekara biyar ina dawowa daga aiki in tarar da shi a benci, ina so a ce akwai abu ɗaya da za a cire komai ya koma daidai. Na rubuto ka ce min mun yi daidai ne don zuciyata ta riga ta gaya min ba mu yi ba. Baffa kuma bai ƙara cewa komai a kan magani ba. Shi ke raka shi asibiti yanzu.

Imrana ya dawo gida, muryoyin sun yi shiru, ya koma bencinsa. Na fara abin da ka ce. Kullum bayan La'asar nakan tsaya kusa da shi in ce, "Mu taka zuwa bakin masallaci," in miƙa masa hannu. Wata rana ya tashi, wata rana a'a. A makon nan sau uku.

Saƙonka na riƙe har shekaranjiya, ina jira ya natsu. Na zauna kusa da shi na ce, "Siraju ya ce ka yafe masa." Ya ce, "Me ya yi?" Na ce, "Maganar da ya gaya maka ranar da zai tafi." Ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa."

Siraju, bai riƙe ka ba ko na kwana ɗaya. Yarda ya yi da kai. Shekara huɗu yana zaune yana ganin kansa malalaci. Ya ce kwana biyun da na hana shi abinci ma ya ga ya cancanta, shi ya sa bai yi magana ba.

Na ce masa a'a. Na karanta masa wasiƙarka ta Afrilu, wannan karon ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Na karanta masa ta Yuni, har inda mutumin nan ya ce tashin ne ba ya zuwa. Ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya ce, "Akwai wasu ke nan?" Na ce, "Da yawa. Ƙanenka ya gan su da idonsa." Ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga kwanon rufi.

Can ya ce, "Yaya, duk sallar da na samu na yi, a kan lalacin nan nake neman gafara. Yanzu in daina?"

Kuka ya ci ƙarfina. Shi ne ya dafa min kafaɗa yana ba ni haƙuri.

Na gaya masa ranar da jirginka zai sauka. Ya ce yana so ya je tarbarka. Idan ka fito ba ka gan shi ba, kada ka ce komai a ranka. Ka ƙaraso gida, yana baranda. Amsar tambayarsa na bar maka, daga bakinka ya kamata ya ji ta.

Yayarka,
Bara'atu